Yadda Ake Raba Aku da Gyada, a Koya Masa Cin Abinci Mai Gina Jiki

Duk wanda ya leƙa kejin aku a gidajenmu ya san abin da zai tarar a kwano: gyada, ɗan masara, wani lokaci guntun rake. In ka tambayi mai shi, sai ya ce maka ai an gwada ba shi karas da gwanda ya zubar, gyada kawai yake so. Gaskiya ya faɗa, aku na zubarwa. Amma ba taurin kai ba ne. A daji, ɗan aku yana koyon abin da ake ci ne daga iyayensa da sauran garke. Abin da bai taɓa ganin wani ya sa a baki ba, a wurinsa ba abinci ba ne, kuma gudun baƙon abu shi ke kare shi daga guba. Saboda haka aikin da ke gabanka koyarwa ce, kuma ana yin ta da haƙuri da sikeli. Ba a yin ta da yunwa.

Bayanin nan ya fi karkata ga aku mai launin toka da jan wutsiya, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Najeriya ne da Kamaru da ƙasashen Kwango, amma tsirya da sauran ƙananan danginsa ma hanyar ɗaya ce, sai dai a rage yawan abincin.

Me ya sa gyada kaɗai ba ta isa ba

Kusan rabin nauyin ƙwayar gyada mai ne, haka ma ƙwayar sanfulawa da ake sayarwa a matsayin abincin tsuntsu. Akun daji yana tashi tafiya mai nisa kullum neman abinci, yana ƙone man da ya ci. Na keji kuwa yana zaune a kan sanda ɗaya daga safe har dare, sai man ya taru a hanta. Ga kuma abin da gyada ba ta da shi. Bitamin A kusan babu, kalsiyam kuma, sinadarin da ke gina ƙashi, kaɗan ne ƙwarai.

Rashin bitamin A yana lalata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ka ga tsuntsu yana yawan atishawa, hancinsa na toshewa, gashinsa ya dushe, wani lokaci har fararen ƙuraje su fito masa a baki. Rashin kalsiyam kuwa shi ne sanannen ciwon aku mai jan wutsiya a wurin likitocin tsuntsaye: ƙafafu su yi rauni, ya riƙa faɗowa daga kan sanda, har ta kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Mutane da yawa idan sun ga haka sai su ɗauka wani abu ne ya same shi farat ɗaya, alhali shekaru aka yi ana tara matsalar a kwano.

Akwai kuma fumfuna. Gyadar da ta sha laima ko aka adana ba ta bushe sosai ba tana ɗauke da gubar aflatoksin mai cin hanta, kuma ƙurar fumfunar da ke cikin ɓawonta na iya shiga huhun tsuntsu. Tsuntsun da kan yi shekara 40 zuwa 50 idan ya samu kula, bai kamata ya ƙare a shekara goma saboda abin da muka zuba masa da hannunmu ba.

Mataki na farko: ka tabbatar yana da lafiya, sannan ka sayi sikeli

Kada ka fara sauya abincin aku marar lafiya. Tsuntsu yana ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka. In ka ga yana kumbura gashi, yana barci da rana, wutsiyarsa na ɗagawa da sauka tare da numfashi, ko yana zama a ƙasan keji, likitan dabbobi za ka fara nema. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, sun fi dacewa da irin wannan fiye da shagon maganin kaji. Haka nan in sabon zuwa ne gidan, ka bar shi a kan abincin da ya saba na 'yan makonni har hankalinsa ya kwanta.

Sai sikeli. Ƙaramin na kicin mai batir wanda ke nuna giram shi ake so, irin na masu yin kek. Gashi yana rufe rama, ido ba zai gaya maka ko tsuntsu ya zube ba. Ka ɗora ƙaramar sanda mai gindi ko kwano a kan sikelin, ka mayar da shi sifiri, ka ɗora aku. A yi awon da sassafe, bayan ya yi kashin farko, kafin ya ci komai. Ka rubuta a littafi kullum har mako guda kafin ka taɓa abincinsa, don ka san nauyinsa na asali. Babban aku mai jan wutsiya yakan kai giram 400 zuwa 500 ko ɗan fiye, ƙaramin koren aku mai ruwan ɗorawa a ciki kuwa giram 120 zuwa 170 ne.

A wannan makon kuma ka auna abin da yake ci da gaske. Ka auna gyada da masarar da ka zuba da safe, da yamma ka hure ɓawon, ka tattara abin da ya zube a ƙasa, ka auna ragowar. Bambancin shi ne cinsa na yini. Za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Yawanci ana zuba masa fiye da buƙatarsa, shi ya sa yake da damar tsince abin da ya fi so ya watsar da sauran.

Mataki na biyu: ka san inda za ka

Likitocin tsuntsaye a ƙasashen Turai da Amurka sun fi ba da shawarar abincin kamfani da ake kira felet, wato hatsi da bitamin da sinadarai da aka niƙa aka dunƙule wuri guda yadda tsuntsu ba zai iya zaɓe ba. Harrison's da ZuPreem da Roudybush na cikin sanannu. Inda ake samunsa, yakan zama kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abincin yini, sauran kuma ganye da kayan lambu da ɗan kayan marmari. In kana da halin sayensa, ka saya, ka duba ranar ƙarewarsa, ka ajiye a mazubi mai murfi nesa da zafi.

Amma ba kowane gari ake samunsa ba, ga tsada. Kada wannan ya sa ka koma kan abincin kaji. Na kajin ƙwai an haɗa shi ne don kazar da ke saka ƙwai kusan kullum, kalsiyam ɗinsa ya yi wa aku yawa har ya iya taɓa ƙoda, wasu nau'o'in kuma akwai magani a ciki. Kasuwarmu tana da abin da za a haɗa mai kyau, in an tsaya an yi shi da tsari.

Gindin abincin shi ne dafaffen hatsi da wake: gero, dawa, acca, masara, shinkafar da ba a cashe ta fes ba, sai wake da aka jiƙa aka dafa ya yi laushi sosai. Hatsi kashi biyu, wake kashi ɗaya. Ba gishiri, ba mai, ba kanwa. Ka kula da inda ka sayi waken da masarar, domin ana zuba wa na ajiya maganin ƙwari, kuma abin da jikin mutum zai jure, jikin giram 450 ba zai jure ba. In ka ji warin magani, ka bar shi.

A kan wannan gindi ake ɗora kayan lambu, kuma launi shi ne jagora: ja, ruwan lemo, da kore mai duhu. Karas, kabewa, jan tattasai, dankalin Hausa musamman mai ruwan lemo a ciki, duk suna ba da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Zogale kuwa, a ganina, shi ne babban rabon mai kiwon aku a ƙasar Hausa. Ga kalsiyam, ga bitamin A, ga shi a bayan gida kyauta, ana ba da shi ɗanye ko a busar a inuwa a daka a barbaɗa. Ana ƙarawa da kuɓewa da kabeji da koren wake. Alayyahu a riƙa ba shi jefi-jefi, don yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Barkono da attaruhu ba sa yi wa tsuntsu yaji kamar yadda suke yi mana, da yawansu ma suna sonsu, har 'ya'yan ciki suke bi suna tsincewa.

Kayan marmari kaɗan ne, don sukari. Gwanda, mangwaro, gwaiba, kankana, yanka ɗaya ko biyu a rana sun isa. Ayaba da dabino da rake su zama na marmari, ba na kullum ba. Dafaffen ƙwai, kamar kwata, sau ɗaya ko biyu a mako. Ɓawon ƙwan ma kada a yar: a tafasa shi, a busar, a daka ya zama gari, a barbaɗa ɗan kaɗan a kan abinci sau biyu a mako. Manja kuma abincinsa ne na gado, domin a daji 'ya'yan kwakwar manja na cikin abin da ya fi so. Ɗigo biyu zuwa uku na manja mai kyau a gauraya cikin abinci, sau biyu ko uku a mako, ba cokali ba, don shi ma mai ne.

Tsakuwa ba ya buƙata. Kaza da tantabara suna haɗiye ƙwaya da ɓawonta, shi kuwa aku ɓarewa yake yi da baki kafin ya haɗiye.

Abubuwan da ba a ba shi ko da wasa

Fiya tana kashe aku, namanta da ɓawonta da ƙwallonta duka. Cakulan, kofi, shayi da lemon kwalba su ma haramun ne a gare shi. Goro kuma, wanda wasu ke gutsura masa don nishaɗi, yana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin kofi da cakulan, mai sa zuciyar tsuntsu bugawa ba ƙa'ida. Albasa da tafarnuwa suna lalata jini. Ɗanyen wake da ɗanyen rogo, a'a. Idan za a ba shi tuffa a cire 'ya'yan. Madara ba ta narkewa a cikinsa. Duk abin da ya fito daga tukunyar miya, da gishirinsa da ɗanɗanonsa, da su ƙuli-ƙuli mai gishiri, cincin, biskit da tsire, a nisanta su da keji. Wannan doka ce da za ka zaunar da yaran gida ka gaya musu, domin su ne suka fi miƙa masa abin da ke hannunsu saboda ƙauna.

Mataki na uku: sauyin kansa

Nan ne aikin yake. Ka fara da daina barin gyada a keji yini guda. Ka mayar da cin abinci sau biyu, safe da yamma, kamar yadda suke yi a daji. Da sassafe, lokacin da yunwa ta fi kama shi, sabon abinci kaɗai za ka sa masa, ka bar shi awa ɗaya zuwa biyu. Bayan nan ka kawo rabin abincin da ya saba, bisa awon da ka yi a makon farko. Da yamma ka ba shi ragowar rabin, ya kwana da ƙoshi. A wannan matakin ba ka rage masa komai ba, ka dai canja lokaci.

Yadda ake yanka kayan yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ka yayyanka karas da tattasai da zogale ƙanana kamar ƙwayar gero, ka cakuɗa da dafaffen hatsin da ɗan laimarsa, sannan ka farfasa gyada biyu ko uku ka watsa a ciki. Garin neman gyadar, bakinsa zai taɓa sauran, ɗanɗano ya shiga. Wani akun kuma ya fi son babban yanki da zai riƙe da ƙafa yana gatsa, sai a ba shi doguwar karas ko kuɓewa guda. Wani ba ya kallon ɗanyen dankali amma yana cin dafaffe mai ɗumi. A kula, ɗumi kaɗan, wanda za ka iya ɗorawa a bayan hannunka ba ka ji zafi ba. Wani kuma ba ya cin ganye a kwano, amma in ka rataye reshen zogale jiƙaƙƙe a jikin keji sai ya hau yagar sa don wasa, daga yaga sai haɗiya. Idan felet kake koya masa, ka daka shi ka barbaɗa a kan abin da yake so, ko ka jiƙa da ruwan ɗumi ka cuɗa da dafaffiyar kabewa, daga baya ka riƙa rage ruwan.

Dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce ka ci a gabansa. Kai ne garkensa yanzu. Ka zauna kusa da keji da yankan gwanda ko karas, ka ci yana kallo, ka nuna kana jin daɗi, ka yi kamar ba za ka ba shi ba. Aku tsuntsu ne mai son abin hannun wani. In ya matso yana miƙo wuya, sai ka ba shi ɗan guntu. Lokacin da iyali ke karin kumallo shi ne mafi dacewa a sa masa nasa kwanon, don ganin kowa na ci yana buɗe masa ciki. In ya taɓa sabon abu ko da da ƙarshen baki ne, ka yaba masa da muryar da ya sani, ka ba shi rabin ƙwayar gyada nan take. Da haka gyada ta tashi daga abinci ta koma tukwici, kuma a nan ne amfaninta yake. Ka zaɓi ɓararriya mai tsabta wadda kai ma za ka ci, ba mai gishiri ba, kuma ta tukwicin kada ta wuce ƙwaya uku zuwa huɗu a rana.

Zai zubar. Zai ɗauki karas ya dube ka ya sake ta ƙasa, yau da gobe da jibi. Kada ka ce ya ƙi. Ɗauka da jefarwa ma ci gaba ne a kan wanda ko kusa da kwanon ba ya zuwa. Ka ci gaba da kawo abu ɗaya na kwanaki da yawa a jere kafin ka yanke hukunci, kuma kada ka tsaya masa a kai kana zuba ido, wasu sai an ba su baya suke ɗanɗanawa.

Sai ka tabbatar yana haɗiyewa kafin ka fara rage tsohon abincin. Aku gwani ne wurin niƙe abu da baki ya zubar, kwano ya zama wayam ka ɗauka ya ci. Kashinsa ne shaida. Ka shimfiɗa farar takarda ko tsohuwar jarida a ƙasan keji, ka canja kullum. Kashin lafiyayyen aku kashi uku ne: dunƙulen kore ko ruwan ƙasa, farin abu kamar alli, da ɗan ruwa. Idan ya fara cin karas ko tattasai za ka ga launin ya sauya, idan felet ne ya koma ruwan ƙasa, ruwan kuma ya ɗan ƙaru saboda kayan lambu. Wannan ba zawo ba ne. In ka ga haka, sai ka rage kwatan gyada da busasshiyar ƙwaya, ka tsaya mako guda kana awo. Nauyi bai motsa ba, ka sake rage wani kwatan. Wani tsuntsun wata guda ya ishe shi, wanda ya shekara goma a kan gyada kuwa yana iya kai ka wata shida ko fiye.

Inda za ka ja birki

Kada ka yarda da maganar "bar shi, in yunwa ta ci shi zai ci." Kare zai ci. Aku yana iya mutuwa da kwano cike a gabansa, don bai san abin da ke ciki abinci ba ne, kuma jikin tsuntsu ba ya jure kwanaki babu ci. Idan kashinsa ya ragu, ya zama ɗan ƙarami mai duhun kore ko baƙi, ba ya ci ke nan. Idan nauyi ya fara sauka kwana biyu zuwa uku a jere, ka koma matakin baya. Idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari, wato kamar giram 45 a tsuntsu mai giram 450, ka dawo masa da tsohon abincinsa gaba ɗaya a ranar, ka kai shi wurin likita. Komawa baya ba asara ba ce, bayan ya murmure sai a sake farawa a hankali.

Zafi, ruwa da rana

A bazara, dafaffen abinci da yankakken kayan lambu ba sa wuce awa biyu a keji ba su fara tsami ba. Ka ɗauke, ka wanke kwanon da sabulu ka ɗauraye sosai. Kwanon silba ya fi na roba, don roba tana tsagewa datti ya maƙale. Don sauƙin aiki, ka dafa hatsin na kwana biyu ko uku ka sa a firji, amma in wuta ta ɗauke har ya huce ya canja wari, zubarwa za a yi. Kayan lambu a wanke su da ruwa mai tsabta kamar yadda za ka wanke wa jariri. Ruwan sha a canja safe da yamma, domin aku na tsoma abinci a ciki. Kada ka zuba masa bitamin na kaji a ruwa ba da umarnin likita ba. Yana canja ɗanɗanon ruwan har tsuntsu ya ƙi sha, kuma in yana cin felet, ƙarin bitamin na iya yin yawa ya zama illa.

Kalsiyam ɗin da ka sha wahalar haɗawa ba zai shiga ƙashi ba sai da bitamin D, shi kuma daga hasken rana jiki ke samar da shi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki. Ka fitar da kejin tsakar gida da hantsi na kamar rabin awa, sau da yawa a mako, rabinsa a rana rabinsa a inuwa don ya zaɓi inda yake so, kana kusa saboda kyanwa da shaho. In ya buɗe baki yana haki ya saki fukafukai, zafi ya yi masa yawa, ka mayar da shi inuwa. Kuma kada a ajiye kejin a kicin: hayaƙin gawayi da na kaskon da abinci ba ya kamawa idan ya yi zafi sosai yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci.

Bayan ya saba, kada ka tsaya a kan abu uku da ya karɓa, in ba haka ba zaɓen zai dawo da sabuwar fuska. Ka bi abin da kasuwa ta kawo: mangwaro a lokacinsa, ɗanyar masara da damina, karas da kabeji da sanyi. Ka riƙa naɗe tukwicin gyadar a cikin takarda mai tsabta ko ɓawon masara don ya sha aiki kafin ya samu, wannan yana rage masa kaɗaici da fizgar gashin kansa. Awon nauyi kuma ya koma sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya.

Tun taron da aka yi a Johannesbag a 2016, yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta hana cinikin aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda kamun da ake yi ya kusa ƙarar da shi a wurare irin su Gana. Don haka in naka ya samu lafiya har sha'awar ƙara wani ta taso maka, kada ka sayi wanda aka ɗebo daga gida a daji.